Manhajar NIN ba ta sauraron kiranka

A Kano na sha jin ana cewa da ka saka manhajar NIMC (hukumar da ke ba da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN) a waya, shi ke nan gwamnati na jin kiranka tana karanta saƙonninka. Tsoron yana da dalili, tunda an wajabta haɗa layi da NIN tun 2020, amma abin ba haka yake ba.

Manhaja ba ta isa ta buɗe makirfo ko kyamara ko lambobin mutanenka ba sai ta nemi izini ka amince, kuma kana iya janye izinin a saitin waya. Saƙon WhatsApp kuwa a kulle yake tafiya, mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke ganinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya miƙa wayarsa a buɗe haɗe da takardar NIN ga wanda bai sani ba a kasuwar waya ta Farm Centre, a saka masa manhajar, ya tafi sallah ya dawo.