Rigar sanyin Jamus a zafin Birnin Kebbi

Shekara tara ina koyarwa a jami'a, amma in ka cire Gaya ta Nijar, ban taɓa taka wata ƙasa ba. Abokan aiki kuwa, wannan ya je taro Malesiya da kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, wancan tallafin karatu na Fulbright ya kai shi Amurka, ya dawo yana cewa shayinmu ya cika sukari. Abin ya tsaya mini a rai, sai na nemi tallafin DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, zaman bincike na wata 1 zuwa 3. Sharaɗinsa a lokacin, wani farfesan can ya ba ka takardar gayyata.

Farfesa sama da goma na rubuta wa, ɗaya ya amsa: mu gana ta Zoom ranar Talata, ƙarfe 10.

Ganawa kawai aka ce, amma na riga malam masallaci. Na raɗa wa uwargida, na ce kada kowa ya ji. Kafin la'asar Gwaggo ta kira daga Argungu: "In ka tahi ka sawo min maganin gwiwa, nasu ya hi ƙarhi." Ni ma ban bar kaina a baya ba. Tsakiyar Afrilu, rana na dafa ƙwaƙwalwa, na shiga gwanjo na sayi jibgegiyar rigar sanyi mai gashi a wuya. Mai kayan ya dube ni ina gwadawa, gumi na tsiyaya, ya ce, "Malam, lafiya dai ko?"

Ranar Talata na sha aski, na zuba babbar riga, na cika janareta da mai. Saura zakaran gidanmu, wanda ba shi da lokacin cara. Na ce sai an kulle shi. Rabin awa muna zagaye tsakar gida da shi, ni da yara.

Goma saura biyar na shiga Zoom. Ba kowa, sai saƙon farfesa: ya jira minti goma sha biyar. Ashe Jamus na tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris. Da sanyi lokacinmu ɗaya, amma yanzu gomansu tara ce a nan. Wato sa'ad da bawan Allah ke zaune yana jira na, ina ƙarƙashin turmi ina jawo zakara ta ƙafa.

Har yau 'yan majalisarmu Bajamushe suke kira na. Rigar kuwa uwargida ta karɓe, da ita take lulluɓe kular tuwo, ta ce har asuba ba ya hucewa.