Ɗalibanmu sun ga raƙumin dawa, amma sun buɗe littafin gonar?

Duk lokacin da aka kwashi ɗaliban aikin gona da ke karatu a Afirka ta Kudu zuwa gonar shanu da namun daji a lardin Limpopo, abin da ke iso mana a Facebook bai wuce hoto ba: ga su a bayan buɗaɗɗiyar mota, ga jakin dawa, ga raƙumin dawa yana leƙo kai. Ba laifi, ƙuruciya ce. Sai dai ni a ganina, wanda ya je wurin nan bai nemi a nuna masa littafin lissafi ba, yawon buɗe ido ya je.

Mai gonar bai haɗa shanu da namun daji don ado ba. Saniya ciyawa take ci, raƙumin dawa da wasu manyan bareyi kuma ganyen itace. Fili ɗaya, abinci iri biyu, kuɗi ta ƙofa da yawa: nama, maharban da ke zuwa daga Amurka da Turai su biya, masauki, da gwanjon dabbobi masu rai. Kuma doka ce ta tsayar da sana'ar. Tun 1991 dokar ƙasar ta amince cewa naman dajin da ke cikin filin da ka killace da shingen da hukuma ta yarda da shi mallakarka ne. Da dabba ta zama dukiya, sai aka shiga tattalinta. A 2016 an sayar da kashi ɗaya cikin huɗu na mallakar wani bijimin ɓauna kan rand (kuɗin Afirka ta Kudu) miliyan 44. Kashi ɗaya fa!

Haɗin yana da haɗari, kuma nan ne ya kamata ɗalibi ya kasa kunne. Ɓauna na ɗauke da cutar baki da kofato ba tare da ta kwanta ba, kaskar jikinta kuma na iya kai wa shanu cutar da ke kashe su cikin kwanaki. Shi ya sa ɓaunar da aka gwada aka samu ba ta da cuta take da tsada, kuma ba a matsar da ita daga gona zuwa gona sai da takardar likitan dabbobi.

Abin da ya fi burge ni shi ne jan shanun nan nasu, Bonsmara. Farfesa Jan Bonsma ya fara aikin samar da su a tashar bincike ta Mara a 1937, da ya ga shanun Ingila suna kasawa a zafi da kaska. Ya ɗauki saniyar gida, Afrikaner, ta zama kashi 5 cikin 8 na jinin, ya cike sauran da shanun Ingila, Hereford da Shorthorn. Har yau ba a yi wa dabbar Bonsmara rajista sai da bayanan awonta: nauyin haihuwa, nauyin yaye, tazarar haihuwar uwa. Mu muna da Bunaji, da Rahaji, da Gudali, muna da cibiyar binciken dabbobi a Shika, kusa da Zariya. Garke nawa ne a Arewa aka taɓa ɗora maraƙinsa a sikeli?

Sannan ina roƙon ɗaliban nan, don Allah su tambayi yadda mutum ɗaya ya samu dubban hekta. Dokar filaye ta 1913 ta bar wa baƙaƙen fata kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasarsu, aka ƙara zuwa 13 a 1936. Shingen da ke burge mu, a kan wannan tarihin aka kafa da yawansa. Don haka ƙanina da zai dawo yana cewa a yi irin wannan a Bauchi ko Neja, ya fara gaya mana gonar wa za a karɓa, burtalin wa kuma za a toshe.