Makahon Injiniya da Dariyar Masu Ido

Ranar Asabar da yamma na tsaya a majalisar samarin layinmu, na tarar sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon wani tsohon shirin talabijin na Amurka, Star Trek: The Next Generation, wanda aka nuna daga 1987 zuwa 1994. Da aka hasko babban injiniyan jirgin sararin samaniyar, Geordi La Forge, sanye da wani ƙarfe mai kama da awarwaro a kan idanunsa, sai ɗaya ya bayyana musu cewa an haife shi makaho ne. Nan take majalisa ta kece da dariya. Wani ya ce jirgin da makaho ke gyarawa ai ya shiga uku. Ana cikin haka wani dattijo makaho ya zo wucewa, ƙaramin yaro yana riƙe da bakin sandarsa, sai na ji an ɗaga murya an ce, "Ga injiniya nan!" Dattijon ya ɗan tsaya, ya juyo da kunnensa wajen muryar, sannan ya ci gaba da tafiya bai ce uffan ba.

Ƙannena, wannan dariya ce ta hana ni barci. Kun zuba wa shirin ido, amma ko kaɗan ba ku ga abin da yake nuna muku ba. A cikin labarin, na'urar da ke fuskar Geordi tana ba shi damar ganin zafin jiki da nau'o'in hasken da idon ɗan Adam ba ya kamawa, kuma tana sa masa ciwon kai wanda yake jurewa kullum. Ya fara ne da tuƙin jirgin Enterprise, daga zango na biyu aka ɗora shi a kan injinan jirgin baki ɗaya, kuma babu wanda ya ba shi muƙamin don tausayi. Akwai wani kashi na 1992 da suka je wata duniya inda ake tace halittar jarirai, ba a barin mai naƙasa ya zo duniya. Da halaka ta tunkaro mutanen wurin, dabarar da ta cece su daga fasahar na'urar idon makahon nan aka samo ta, shi da a ƙa'idarsu ba za a ma bari a haife shi ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, amma ku dariya kawai kuka tsinta.

Ko sunan ma yana da asali. Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shirin, ya ɗauko shi ne don karrama George La Forge, wani mai son Star Trek na farko, wanda ya gabaci wannan, da ya rayu da shanyewar jiki har ya rasu a 1975. Wanda ya fito a matsayin, LeVar Burton, shi ne Kunta Kinte na shirin Roots da iyayenku suka kalla, kuma da idonsa garau ya shafe shekara bakwai yana aiki da ƙarfen da ke tare masa yawancin gani. Mutanen da kuke kwaikwayon askinsu da zazzagaggen wandonsu sun zauna sun yi tunanin yadda za su ɗaga darajar makaho, ku kuwa kun ari askin kun bar tunanin.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ba mu buƙatar Amurka ta koya mana wannan. Wane ne a cikinku bai haddace Suratu Abasa a makarantar allo ba? A kan makaho ta sauka, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har aka riƙa bar masa riƙon Madina idan an yi tafiya. Kuna karanta ta a sallah, ku fito ku yi wa dattijo ihun "injiniya". Kun ɗauka makaho da ƙoƙon bara tagwaye ne, alhali makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato tana koyar da karatu da yatsu tun 1953. Rashin sani ya fi dare duhu. Kuma da yawanku masu dariyar nan kun kwana kuna cacar ƙwallo a waya, ko fis ɗin wutar gidanku ba ku iya canzawa.

Ya kamata iyaye da malamai su tashi tsaye, ku ma ku yi wa bakinku linzami, domin idon da kuke taƙama da shi aro ne, ciwon dare ɗaya ya isa ya karɓe shi.

A zamanin ƙuruciyarmu, idan makaho ya tsaya a bakin titi, rige-rige muke yi wajen kama masa sanda, kuma yaron da ya kwaikwayi tafiyarsa kowane babba a unguwa yana da ikon zane shi kafin labari ya isa gida. Ranar Asabar akwai magidanta uku zaune a kan benci kusa da majalisar, sun ji komai, kuma ɗaya daga cikinsu har murmushi ya yi.