Uzurin "ba mu kai can ba" da kujerun mata a majalisa

Tun da na zauna a Finland nake jin 'yan uwa a gida Najeriya suna cewa shigar mata majalisa abu ne na ƙasashen da suka riga suka ci gaba, mu kuwa da sauranmu. Tarihin Finland bai goyi bayan wannan magana ba. A 1906, lokacin da aka ba matan Finland ikon jefa ƙuri'a da na tsayawa takara a lokaci guda, ƙasar matalauciya ce ta manoma, kuma tana ƙarƙashin Sarkin Rasha. Duk da haka, a zaɓen 1907 mata 19 suka shiga majalisa mai kujeru 200.

A cikinsu, wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Miina Sillanpää. Tun tana yarinya take aiki a masana'antar auduga, daga baya ta yi aikatau a gidajen masu hali, ta kuma jagoranci ƙungiyar 'yan aikatau, har ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin minista a ƙasar a 1926. Ba gado ne ya kai ta ba, ba kuma aljihun miji ba; ƙungiya ce ta tsaya mata, jam'iyya ta saka sunanta a jerin 'yan takara, tsarin zaɓe na raba kujeru gwargwadon ƙuri'u kuma ya ba ta hanya.

Mu ma ba mu rasa jarumai ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a ƙarƙashin tutar jam'iyyar NEPU saboda neman 'yancin matan Arewa, amma sai a 1976 aka ba su ƙuri'a, shekara 70 bayan matan Finland, kuma babban zaɓen da suka fara shiga shi ne na 1979. Wuraola Esan ta shiga majalisar dattawa a 1960 ta hanyar naɗi, sai a 1983 aka samu zaɓaɓɓiyar sanata mace, Franca Afegbua. Wanda zai ce Turai ta yi nisa, ya dubi Ghana, inda doka ta musamman ta shigar da mata 10 majalisa a 1960, ciki har da Susanna Al-Hassan daga arewacin ƙasar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka tsaya cik. A watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurin ware wa mata kujeru, kuma bayan zaɓen 2023 mata huɗu kacal suka zauna cikin sanatoci 109. Jam'iyyunmu sun ƙware wajen tara mata su cika filin kamfe, a ba su ofishin shugabar mata, amma ranar fidda gwani sai kuɗin fom da na wakilai su kore su. A ganina gyaran daga nan zai fara: doka ta tilasta wa kowace jam'iyya tsayar da mata a mazaɓun da take da ƙarfin ci.