Wayar Inna ba ta jiran afdet

Ranar Litinin 15 ga Satumba, 2025, wajen shida saura na yamma, ina zaune a ɗakin hutu na wani katafaren sito da nake aiki a bayan garin Mancesta, ina jiran shiga aikin dare. Ɗakin nan sai kun gan shi. Fitilu farare fat, ba a kashe su dare da rana. A kusurwa akwai injin sayar da lemo da biskit wanda ba ya karɓar kuɗin hannu, sai dai ka kara masa kati ko waya. Na'urar ɗumama abinci uku a jere, kowane tebur da ramin caji a ƙarƙashinsa, waifai kyauta kamar iska. A waje ana yayyafin nan nasu da ba ya ƙosar da shuka, ba ya kuma ɗaukewa. Samari huɗu sun haɗa kai a tebur ɗaya, kowa ya jona wayarsa, suna ta shafa sikirin suna duba agogo, kai ka ce masu duban watan Sallah ne.

Abin da suke dako shi ne iOS 26, sabuwar uwar manhajar iPhone da Apple zai saki da ƙarfe shida agogon Ingila. Tun watan Yuni da aka sanar da ita suke zancenta. Daga 18 aka yi tsalle zuwa 26 don lambar ta bi shekara, an kuma sauya fuskar wayar ta koma garai-garai kamar gilashi mai ruwa a ciki. Ɗaya yana fatan batir ya ƙara juriya, ɗaya yana ɗokin abin da zai riƙa amsa masa kiran baƙuwar lamba kafin ta dame shi. Wata uku cur suna lissafin kwanaki a kan wannan.

Ni tawa wayar tana gefe, da saƙon sabunta manhaja, wato afdet, da ya fi wata huɗu ina danna masa "daga baya". Ɗayansu ya leƙo ya gani, ya yi dariya ya ce, wai a ƙasarku ma afdet yana isa kuwa, ko sai an loda shi a jirgin ruwa? Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, irin ta yaƙe. Yaron ba mugu ba ne, mun sha raba abinci da shi. Amma daren nan kwali ɗari nawa na ɗaga, kowanne da amsar da ban ba shi ba.

Ku da kuke gida ba sai na yi muku dogon bayani ba. A ƙauyenmu, can tsakanin Ringim da Taura, kun san inda waya take yini: a kan teburin mai caji, an manna mata lamba a baya, janareta yana kuka ko sola tana jiran rana. Kun san yadda data ta koma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kun kuma san tudun da ake hawa a samu sabis. Wa zai ɗauki datar da za ta yi masa sati biyu ya zuba ta a dare ɗaya don gumakan kan sikirin su canza launi? Ƙanina da kansa yake koya wa yara: in abin nan ya fito, a danna na hagu.

Su a nan suna ɗaukar wannan a matsayin ci baya. Ni kuwa na ga abin da afdet ya yi a gidanmu.

Da zan taho na saya wa Inna babbar waya. Ba ta yi boko ba, amma babban yatsanta ya haddace wayar nan tsaf. Ta san koren abin da ke ƙasa ta dama, ta san hotona shi ne na sama, ta san in ta danne wancan ɗigon ta riƙe sai ta yi magana, in ta saki ya tafi. Da wannan ilimin muka shekara biyu muna gaisawa kullum bayan Asuba. Sai jikarta da ke karatu a Kano ta tafi da wayar birni a gyara gilashinta, ta samu waifai a makaranta, ta ce bari ta yi wa kaka gata. Wayar ta dawo da sabuwar fuska. Koren abin ya bar wurinsa, komai ya yi nauyi, kullum tana kukan memori ya cika. Inna ta juya ta, ta juya ta, ta ajiye a kan faifai ta ce wa ƙanina, "Wannan ba tawa ba ce, an musanya mini." Ranar kasuwa aka kai wa mai gyara, ya ce sai an yi filashin. Aka yi. A ciki akwai saƙonnin murya na marigayi Baba, wanda yake tambayata ko ana samun gero a Ingila, da wanda yake yi mini faɗa a kan Sallar Asuba a lokacin sanyi. Ni tawa wayar ta lokacin ta riga ta ɓace a tasha. Babu kwafi ko'ina. Sati uku ban ji muryar Inna ba, ta Baba kuwa har abada, Allah Ya jiƙansa.

Na sani, na sani. Akwai mai cewa afdet yana toshe ɓarakar da ɓarayin intanet suke shigowa ta ciki, kuma gaskiyarsa ne. Yanzu da kowa yake da asusun banki a waya, har mai sayar da riɗi yana karɓar taransifa, tsohuwar manhaja haɗari ce. Da a ce nan da nan aka ajiye muryar Baba a ma'ajiyar intanet irin tasu, da tana nan. Wannan na yarda. Sai dai duk wanda na sani a garinmu da aka kwashe wa kuɗi, kiransa aka yi da daɗin baki aka ce ya karanto lambar da ta shigo masa, ya karanto. Ban san afdet ɗin da ke maganin wannan ba.

Su ɗin ma ai ba kullum ake yi musu alheri ba. A ƙarshen 2017 Apple ya amsa cewa yana rage wa tsofaffin iPhone gudu ta hanyar afdet, ya ce don kada su mutu farat ɗaya saboda raunin batir, kuma a 2020 Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda bai sanar da mutane ba. Wannan iOS 26 da ake wa layi ta bar iPhone XR da XS a baya. Microsoft ya janye hannu daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali ɗimbin kwamfutoci masu lafiya ƙalau ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. To ina kayan da aka yi wa ritaya suke zuwa? Ku leƙa Farm Centre ko titin Beirut a Kano. Su ne 'yan Landan ɗin da muke saye da tsada muna murna. Ashe yaron bai yi ƙarya ba, a jirgi ake kawo mana, sai dai bayan sun gama da shi. Samsung ya yi alƙawarin shekara bakwai na sabuntawa tun daga Galaxy S24, Google ma haka daga Pixel 8, amma kuɗin ɗaya daga cikinsu a wajenmu maganar san noma ake yi.

Da za a tambaye ni afdet ɗin da zan zauna jira da agogo a hannu, ba shi da yawa. Wanda zai sa caji ɗaya ya kai kwana uku. Wanda zai karanta wa Inna rubutaccen saƙo da Hausar da za ta gane, ba irin ta mai mura ba. Wanda zai shigo da sallama, ya gyara abin da zai gyara a ciki, ya bar kowane abu inda tsohuwa ta ajiye shi. Ko baƙon kirki ba ya shiga ɗakin uwar gida ya jera mata kwanuka yadda ya ga dama.

Washegari na tarar da yaron yana mita, wayarsa ta yi zafi, batir yana zuba. Apple da kansa ya ce hakan yakan faru na 'yan kwanaki bayan babban afdet. Ban ce masa komai ba, kodayake na ji daɗi, Allah Ya yafe mini. Na fito da safe na hau taragon nan mai ruwan ɗorawa, kowa ya sunkuyar da kai a kan sabon gilashinsa, ba mai ce wa wani ina kwana. Na saka abin kunne. Saƙon Inna ya shigo tun Asuba, minti huɗu, ana jin zakara da sautin turmi a bayanta. An fara yankan gero, na gonar fadama ya yi kyau, tunkiyar nan ta haifi biyu, 'yar maƙwabta an sa ranarta bayan kaka. Ba ta kama sunana ba, ba ta taɓa yi ba, ɗan fari ne ni. A ƙarshe ta yi shiru kaɗan, har na zaci ta manta yatsanta a kai, sai ta ce, "To shi mutumin Ingila, bana ma sai daga baya ne?"

Damina ta uku ke nan. Na saurara sau biyu, taragon ya wuce tashar da zan sauka.