Daren da Wayata Ta Tona Mini Asiri

Tun shekarar 2020 nake rubuta abin da ya dame ni kowane dare kafin in kwanta, rubutun da ba don idon kowa ake yin sa ba. Daga baya wani abokina mai gyaran waya a Farm Centre ya saka mini manhajar Obsidian ta adana rubuce-rubuce, ya ba ni labarin wani malami Bajamushe, Niklas Luhmann, wanda ya tara katunan rubutu kusan dubu 90, kowane kati da lambarsa, yana nuni zuwa ga wani katin. Abokin nawa ya ce shi adana ilimi ana yin sa ne domin a sake nemo abu a yi aiki da shi, shi kuwa rubutun dare ana yin sa ne domin a sauke nauyin zuciya a samu barci. Na ji bayanin sarai, amma saboda ganda na zuba duka biyun wuri ɗaya.

To, ni ne magatakardan kwamitin gyaran magudanar layinmu. Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Mai Unguwa, aka ce in karanto alkawuran da aka ɗauka. Na baro tabarauna a gida, don haka na rubuta kalmar "magudana" a wurin bincike, na miƙa wa ƙanina wayar, na ce ya karanta duk abin da ya fito.

Na farko ya fito lafiya, lissafin yashi da bulo. Sai yaron ya buɗe na biyu, ya gyara murya, ya ce: "Yau a taron magudana Kawu ya yi alkawarin siminti buhu goma da ƙarfin murya, alhali kuɗin ragon layyar da ya ranta a wurina ko kwabo bai biya ba. Mutumin nan babbar rigarsa ta fi aljihunsa nauyi."

Kawu yana zaune a damana, gwiwarsa tana taɓa tawa. Wurin ya yi tsit, har ina jin ƙarar fankar masallaci. Liman ya yi tari, Mai Unguwa ya shiga nazarin carbinsa kamar ranar ya fara ganinsa. Kawu ya gyara zaman hularsa a hankali, ya ce: "Yaro, maimaita wajen rigar nan, ban ji da kyau ba." Wallahi yaron ya maimaita.

Wannan ƙanin nawa, ni nake biya masa kuɗin makaranta, kuma idan na ba shi takardar magani ya karanta wa Hajiya, sai ya yi ta in'ina kamar ɗan aji biyu. Amma a daren nan ya koma mai karanta labaran rediyo, yana tsayawa a kowane waƙafi, bai haɗiye ko harafi ɗaya ba. Har yau ban yarda cewa bai gane abin da yake karantawa ba.

Kawu ya juyo ya ce: "Ɗana, ashe rubuta mu kake yi?" Na ce: "Kawu, ilimi nake adanawa." Liman ya ce: "To, Allah ya ƙara basira," aka shafa fatiha aka watse.

Washegari na sayi littafin rubutu a Sabon Gari na mayar da damuwata ciki, yana ƙarƙashin katifa. Simintin bai zo ba, kuɗin ragon ma haka, kuma mai shayin bakin layi idan ya hango ni sai ya tambaye ni ya nauyin riga.