Firam uku kacal, fanka kuwa kamar injin markaɗe

Jiya da dare ƙanina ya turo min hoton allonsa, yana ta murna wai ya ƙara wa katin hoton laftof ɗinsa (ɓangaren da ke zana hotunan wasa a allo) gudun 150MHz da MSI Afterburner, manhajar saita katin hoto. Na ce masa, to malam, firam nawa ka ƙaru da su, wato hotunan da wasa ke nunawa a kowace daƙiƙa? Shiru. Da ya auna a wasan GTA V, daga 58 ya koma 61.

Ni dai a ganina obakulok, wato ƙara wa kati gudu fiye da yadda masana'anta ta saita shi, a laftof wahala ce da ba ta biyan kanta. Ba wai katin zai ƙone ba, kar a tsorata yara. Yawanci in ka zarce, wasan ne zai rufe kansa, ko ka ga ɗigo-ɗigon launi a allo, ka mayar da saitin, shi ke nan. Matsalar ita ce ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Katin kwamfutar tebur yana da manyan fankoki, kuma kana iya ɗaga masa iyakar wutar da zai sha. Na laftof tun daga masana'anta aka ɗaure shi. Katin RTX 3060 na kamfanin Nvidia da ke cikin laftof ma ba iri ɗaya ba ne, wani wat 60 aka yanka masa, wani 115, suna ɗaya ƙarfi daban. A yawancinsu sandar ƙara wuta a Afterburner a kulle take. Da katin ya kai iyakarsa zai taka birki, ko me ka rubuta masa.

Sai zafi, kuma nan ne tamu ta fi tsanani. Katin Nvidia da kansa yake rage gudu kaɗan-kaɗan yana ɗumama, in ya doshi digiri 87 sai ya ja baya sosai. Galibi kuma bututun tagullar da ke kwashe zafinsa shi ne dai ke kwashe na furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar. Masu bidiyon da ake kwaikwayo a ɗaki mai sanyi suke gwajinsu. Kai kuwa kana Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ƙurar hunturu ta like ragar fanka tun Janairu, ga laftof ɗin a kan katifa!

Abin da ya yi min aiki shi ne akasin haka: rage wa katin laftof ɗina wuta. Na danna Ctrl+F a Afterburner, jadawalin gudu da ƙarfin wutar katin ya buɗe, na tsayar da ƙarfin wutarsa a milibolt 850 (850mV). Gudun bai sauka ba, zafi ya ragu, firam suka daina tsalle a tsakiyar wasa. Kafin nan sai da na sa aka buɗe laftof ɗin, aka kakkaɓe ƙura, aka sake man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya, na kuma ɗaga bayansa da katako. Caja a jone, domin a kan batir katin rage ƙarfi yake yi.

Ƙanin nawa na tambaye shi yaushe rabon da a buɗe tasa. Ya ce ai tun da ya saye ta tokumbo ba a taɓa ba.